Satiru da Bud Dajo: Siyasar Amurka ta Ƙetare, 1884–1945, Kamar Yadda Ta Iso Ƙasar Sanyinna

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun manufofin Amurka na hulɗa da ƙasashen waje tun daga taron Balin na 1884 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tana kallonsu daga kudancin ƙasar Sakkwato, wato yankin Sanyinna da Tambuwal da Kebbe. Hujjarta ita ce, a wancan zamani Amurka ba ta ja da mulkin mallaka a Afirka ba. Abin da ta dage a kai shi ne kada mai mallaka ya hana ta ciniki. An kafa hujjar da yarjejeniyoyin kan iyaka, da kashe-kashe biyu na watan Maris 1906, da cinikin fatar akuya, da nauyin da yaƙin Hitila ya ɗora wa talakan Arewa.

   

A tarihin da muke koya wa yaranmu a makarantun sakandare, Amurka ba ta leƙo labarin Arewa sai can gab da 1960. Kafin nan Ingila ce da Faransa, sai Jamus daga gefen Adamawa. Da yawanmu mun tashi da zaton cewa Amurka ba ta da hannu a rabon Afirka, ita ma kuma haka take ba da labarin kanta: ƙasar da ta ƙwaci 'yanci daga Ingila a 1776, wadda ba ta ga maciji da mulkin mallaka. Ina so in auna wannan magana da abin da ya faru a ƙasarmu. Ba ina nufin ɗora wa Amurka laifin da Ingila ta yi ba. Wanda ya ci Sakkwato da yaƙi sananne ne. Amma manomin Sanyinna da bai taɓa ganin Ba'amurke ba ya sha jin tasirin shawarar da aka yanke a Washintan, a kuɗin akuyarsa, da harajinsa, da ɗansa da aka ɗiba.

Birnin Faris, 1898

An buɗe taron Balin ran 15 ga Nuwamba 1884, aka rufe ran 26 ga Fabrairu 1885. Ƙasashe 14 suka zauna, Amurka na cikinsu. Jakadanta a Jamus, John Kasson, shi ya jagoranci wakilanta, tare da Henry Sanford, mutumin da ya daɗe yana yi wa Sarki Leopold na Beljiyam hidima. Watanni bakwai kafin taron, a Afrilu 1884, Amurka ce ƙasa ta farko da ta amince da tutar ƙungiyar Leopold a Kongo. A faɗi gaskiya, Kasson ya tayar da maganar cewa ya kamata a nemi yardar mutanen ƙasa kafin a ɗauki ƙasarsu, sai dai taron bai sa wannan cikin dokarsa ba. Abin da ya shiga doka shi ne 'yancin ciniki a kwarin Kongo da 'yancin zirga-zirgar jirage a Kongo da Kwara. Da Shugaba Grover Cleveland ya hau mulki a 1885, ya ƙi kai yarjejeniyar gaban Majalisar Dattawa. Dalilinsa gudun ɗaure Amurka cikin rigingimun Turai ne, ba tausayin mutanen Afirka ba. A shekarar nan ce kuma Joseph Thomson ya zo ƙasar nan da sunan kamfanin Ingila na George Goldie, ya koma da takardun da ya ce Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu Maliki sun sa wa hannu.

Shekara ta 1898 ita ce ta fi damuna. Ran 14 ga Yuni, a birnin Faris, Ingila da Faransa suka sa hannu kan iyakar da ta raba mu da 'yan'uwanmu na arewa. Yadda suka shata ta ya isa a tsaya a duba: layi ya biyo Dallol Mauri, sa'an nan aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato a kan taswira, aka zana baka mai nisan mil 100. Sanyinna da Tambuwal da Kebbe duk suka faɗa rabon Ingila, alhali Sarkin Musulmi Abdurrahman yana zaune a kan gadonsa, babu sojan Ingila ko ɗaya a birninsa, babu kuma wanda ya tambaye shi. Daga baya, a 1904 da 1906, aka sake gyara layin don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, shi ya sa Ƙonni da Maraɗi suke inda suke a yau.

Wata shida bayan yarjejeniyar 14 ga Yuni, ran 10 ga Disamba 1898, a wannan birni na Faris, Amurka ta karɓi tsibiran Filifin da Guwam da Puerto Rico daga hannun Sifaniya bayan ta ci ta da yaƙi, ta biya dala miliyan 20 saboda Filifin. Mutanen Filifin sun aika da wakili, ba a ba shi kujera ba. A shekarar kuma Amurka ta haɗiye Hawai. Wato a lokacin da ake yanka ƙasar Sakkwato a kan takarda, Amurka tana kan irin wannan aiki a wani gefen duniya, kuma a gari ɗaya aka sa hannu.

A 1899 sakataren harkokin wajenta, John Hay, ya aika wa manyan ƙasashe wasiƙu game da ƙasar Sin, yana neman kowace ta bar 'yan kasuwar sauran su yi ciniki daidai wa daida a yankin da take da ƙarfi. Wannan ce manufar buɗaɗɗiyar ƙofa, wadda masanin tarihi William Appleman Williams ya nuna a littafinsa na 1959 cewa ita ce ƙashin bayan siyasar Amurka ta ƙetare. Idan muka kawo ta gida, ga abin da take nufi: an shiga gidan mutum da ƙarfi an zauna, sai maƙwabci ya zo, bai ce a fita a bar wa mai gida gidansa ba, ya ce dai kada a kulle ƙofa don shi ma yana da kayan sayarwa.

Kwana biyu tsakani

Rundunar Ingila ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Lugga ya tara manyan gari, ya shaida musu cewa iko da ƙasa da haraji sun koma hannun Turawa, ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a Yuli na shekarar. A wannan shekara ta 1903 Amurka ta kafa lardin Moro a kudancin Filifin, yankin Musulmi, ta naɗa Janar Leonard Wood gwamna. Su ma mutanen can suna da sarkinsu, Sultan Jamalul Kiram na Biyu na Sulu, kuma su ma an yi musu alkawari. A Agusta 1899 Janar John Bates ya ƙulla yarjejeniya da Sultan cewa za a kiyaye addininsu da al'adunsu, a riƙa biyansa albashi shi da hakimansa. Amurka ta yi haka ne don ta sami sararin murƙushe masu neman 'yanci a arewacin tsibiran. Da ta gama da su, sai ta soke yarjejeniyar ita kaɗai a Maris 1904, aka ɗora wa kowane namiji harajin kai.

Mu dawo gida. Satiru ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato, inda talakawa da malamai da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu suka taru, suka ƙi biyan haraji, suna jiran bayyanar Mahadi. Shugabanninsu Malam Isa ne da Ɗan Makaho, wani malami da ya tsallako daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe tawaye a can. Ran 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan, Preston-Hillary, ya tafi da sojan doki don ya kama su. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da kwari da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙar fata 25. Ran 10 ga Maris Manjo Goodwin ya dawo da runduna da bindigogi masu ruwa. An kashe mutum kimanin 2,000, an kwashe mata da yara, an rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi cikakken nazari a kan wannan a 1990, kafinsu kuma R. A. Adeleye. Abu mai ciwo a labarin, wanda bai kamata mu riƙa tsallake shi ba don yana taɓa gidajenmu, shi ne dawakin Sakkwato sun fita tare da Turawa a ranar.

Kwana biyu kafin wannan rana, ran 8 ga Maris 1906, aka gama wani kisan a tsibirin Jolo. Ɗaruruwan Musulmin ƙabilar Tausug, maza da mata da yara, sun haye wani tsohon dutse mai aman wuta da ake kira Bud Dajo, suka zauna cikin ƙoƙon da ke bisansa, suka yi shuka, suka ƙi biyan harajin kai. Janar Wood ya tura sojoji. Aka ja igwa da igiyoyi har bakin ƙoƙon, aka yi ta zuba wuta a ciki. Rahoton farko ya ce an kashe 600. Masana da yawa suna kai adadin kusa da 1,000. Waɗanda suka tsira 'yan ƙalilan ne. Amurkawa kimanin 20 suka mutu. Shugaba Theodore Roosevelt ya buga wa Wood waya yana taya shi murna.

Ba na cewa Wood da Lugga sun haɗa baki. Abin da ya haɗa su ya fi haɗa baki zurfi, domin kamar a makaranta ɗaya suka yi karatu. Kafin Wood ya kama aiki a 1903 ya bi ta Masar da wasu ƙasashen da Ingila da Holan ke mulka a Asiya don ya ga yadda ake riƙe Musulmi. Darasin kuwa ɗaya ne: a fara da alkawari a kan addini, a biyo da haraji don a gane wanda ya yi mubaya'a, wanda ya ƙi kuma a yi masa hukuncin da na nesa zai ji ya shiga taitayinsa. A wurare biyun an kira mutanen da aka kashe masu tsattsauran ra'ayi, an kuma ce rashin hankalinsu ne ya jawo mutuwar matansu da 'ya'yansu.

Inda suka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Bayan Satiru Ingila ta gane cewa ba za ta iya riƙe Arewa ba sai da sarakuna, sai ta ƙara ɗaure kanta da su, ta ba Attahiru na Biyu lambar girma. Tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa da muka sani a Tambuwal da Kebbe, da littafin haraji a hannun malamin hakimi, a wannan turba ya ƙarfafa. Amurka kuwa ta ci gaba da rage ikon Sultan na Sulu har 1915, lokacin da ya sa hannu ya bar mulki, aka bar masa shugabancin addini kaɗai. Ga tarihin masarautunmu wannan bambanci babba ne. Ga wanda yake cikin Satiru ko cikin ƙoƙon Bud Dajo a makon nan na Maris, babu wani bambanci.

Akwai waɗanda suka ƙi yarda a ƙasashen biyu, kuma haƙƙinsu ne a ambace su. A Amurka marubuci Mark Twain da masani W. E. B. Du Bois da Ƙungiyar Masu Adawa da Mallaka, wadda aka kafa a 1898, sun la'anci abin da aka yi a Jolo. A Landan, Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin ƙasashen mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa da yawan jinin da aka zubar a Satiru. Duk da haka babu wanda aka hukunta. Wood ya ci gaba da hawa har ya zama babban hafsan sojan ƙasa na Amurka. A watannin nan kuma, daga Janairu zuwa Afrilu 1906, wakilan Roosevelt suna zaune a taron Aljasiras, inda aka share wa Faransa hanyar riƙe Maroko, da sharaɗin kasuwa ta zauna a buɗe ga kowa.

Jar akuya

Yanzu ga inda abin ya shigo cikin gida sosai. Jar akuyar Sakkwato tana da fata mai laushi da ƙarfi, mai ƙananan ƙofofin gashi, wadda duniya ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko saboda ta can take fita. A ƙarshen ƙarni na 19 ayarin raƙuma na kai jemammun fatu daga Kano zuwa Tarabulus, kuma babban kaso daga can Amurka yake wucewa. Wato kasuwar Amurka ta riga sojan Ingila sanin akuyarmu.

Amma a 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar wata sabuwar hanyar jima da sinadarin kurom a New York, masana'antun Filadelfiya kuma suka mayar da ita babbar sana'a, suna yin fatar takalman mata mai sheƙi. Irin wannan jima ba ta bukatar aikin majemanmu. Ɗanyar fata busasshiya take so, wadda ba a taɓa ta da bagaruwa ba. Daga nan ciniki ya karkata. Majemi yana nan yana jiƙa fata cikin toka, yana kankare gashi, yana tsoma ta a ruwan bagaruwa, baduku yana rina ta da karan dafi, amma mafi kyawun fatun sun fara wucewa ta gabansu a ɗaure, zuwa kantunan kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini da UAC. Da dogo ya isa Gusau da Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai tafiyar ta ƙara sauri: jaki zuwa kasuwa, mota zuwa tasha, jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa ƙetare.

Duk wanda ya tsaya kusa da mai sayen fata a kasuwannin yankin nan ya ga ragowar wancan zamani. Zai ɗaga fatar ya duba ta a hasken rana, ya shafa bayanta da tafin hannu yana neman inda wuƙa ta zarce wajen fiɗa, ya duba tabon ƙaya da na ƙazuwa, ya lanƙwasa gefe ya ji ko rana ta ƙone ta. Sa'an nan ya jefa ta ɗaya daga cikin tsibi uku, kowane da kuɗinsa. Wannan ido ba daga kakanninmu kaɗai aka gaje shi ba. Ma'aikatan dabbobi na zamanin Turawa sun bi mahauta suna hana su kafe fata a ƙasa cikin rana, suna koya musu ɗaure ta da igiya a jikin katako a shanya a inuwa, har da irin wuƙar da za a yi fiɗa da ita. Dalili shi ne majemin ƙetare ba ya karɓar fata mai aibi. Akuya kuwa, kowa ya sani, dukiyar mata ce a ƙauyukanmu. Da ita ake haɗa kayan ɗaki, ita ake sayarwa ranar da haraji ya matsa wa mai gida.

Auduga ma tana da nata labarin. Masaƙun Lankasha sun dogara ne da audugar kudancin Amurka, kuma tsoron wannan dogaro ya sa aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila a 1902. Fatan samun auduga daga Arewa na cikin manyan dalilan da aka bayar na shimfiɗa dogo zuwa Kano. Irin da aka raba wa manoma daga 1912, mai suna Allen, asalinsa na Amurka ne. Kananzir ɗin fitila da motocin Ford da suka fara bin hanyoyinmu su ma daga can suke.

Sai kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoba 1929. A 1930 Amurka ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyaki, wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke. Kuɗin fata da gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, ga fara ta sauka a farkon shekarun 1930, haraji da jangali kuma da tsabar kuɗi ake biya. Wannan matsi na cikin abin da ya ƙara tura samarin lardin Sakkwato cin rani zuwa Kurmi da Gwalkwas.

Alkawarin Wilson

A nan ba zan daɗe ba, domin alkawarin bai daɗe ba. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Afrilu 1917. Ran 8 ga Janairu 1918 Shugaba Woodrow Wilson ya bayyana ƙudurorinsa 14. Na biyar ya ce a duba maslahar mutanen ƙasashen mallaka daidai da ta masu mulkinsu. Abin da ya fito daga ciki shi ne tsarin riƙon amana, wanda ya miƙa Kamaru da Togo na Jamus ga Ingila da Faransa, aka haɗa Dikwa da wani yanki na Adamawa da mulkin Nijeriya. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Basai, wadda ta kafa wannan tsari, a 1919 da 1920, amma gwamnatinta ta bi ta wata hanya ta tabbatar 'yan kasuwarta da 'yan mishanta sun sami dama a waɗannan ƙasashe kamar kowa. Wilson ɗin nan kuma shi ya tura soja suka mamaye Haiti a 1915, ƙasar baƙar fata mai 'yancin kanta, suka zauna har 1934.

Amurkawan da mutanenmu suka fara gani ido da ido galibi 'yan mishan ne. Mishan ɗin SIM, wanda aka fara a 1893, ya karɓi kula da zangon kutare na Amanawa kusa da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930, tare da na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. An yi jinya ta gaske a wuraren nan, an kuma yi wa'azi a inda a da aka hana.

Yaƙin Hitila

Da Faransa ta faɗi a Yuni 1940, Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Dare ɗaya iyakar Illela da Ƙonni ta zama iyakar abokan gaba, fatauci ya koma na sumoga, ana zaman ɗar-ɗar a lardin Sakkwato. Amurka ta ci gaba da hulɗar jakadanci da Vichy har zuwa Nuwamba 1942, lokacin da sojojinta suka sauka a Maroko da Aljeriya. Cikin makonni kaɗan gwamnan Faransa da ke Dakar ya juya ya bi ƙawancen Ingila da Amurka, barazanar da ke kan iyakarmu ta kau. Wannan shawara ce ta Washintan da Landan, amma Baƙonne da Basakkwace ne suka fara jin sauƙinta.

Ta sama kuma, tun Satumba 1940 Ingila ke haɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su tashi su bi Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Hartum, har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Bayan dokar aro da haya ta Maris 1941, kamfanin Pan American ya karɓi gyaran filaye da jigila, daga baya sojan saman Amurka suka karɓa, suka zauna a Kano da Maiduguri.

Yaƙin gabas kuwa ya faro ne daga ƙofar nan da John Hay ya ce a bari a buɗe. Japan ta mamaye ƙasar Sin, Amurka ta yanke mata man fetur a 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor ran 7 ga Disamba, ta kwashe Filifin da Malaya, Singafo ta faɗi a Fabrairu 1942. Malaya ce babbar mahaƙar kuza ta duniya. Da ta tafi, hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Amurka mai rabon albarkatun yaƙi ta juyo ga sauran wurare, Jos na ciki. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna: hakimi ya kawo adadin da aka yanka masa, a kwashi manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza. Binciken Bill Freund ya nuna yadda sanyin dutse da ƙarancin abinci da cuta suka kashe mutane da yawa, wasu kuma suka gudu da ƙafa. Wasu samarin aka sa musu kaki, aka kai su Burma cikin runduna ta 81 da ta 82. Bataliyoyi uku na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun yi yaƙi a bayan layin Japan a 1944, inda matuƙan jiragen Amurka ke taimaka wa rundunar da kai hari da kwashe masu rauni.

A tsakiyar wannan duka aka sake yin alkawari. Ran 14 ga Agusta 1941 Shugaba Franklin Roosevelt da Churchill suka fitar da Yarjejeniyar Atilantika, wadda sashenta na uku ya amince kowace al'umma ta zaɓi irin mulkin da take so. Ba a yi wata guda ba Churchill ya faɗa wa majalisarsa cewa ƙasashen Turai da Hitila ya danne ake nufi. Roosevelt, a ganina, ƙyamarsa ga mulkin mallaka ta gaske ce. Abin da ya gani na talauci a Bathurst ta Gambiya a Janairu 1943 ya dame shi, ya kuma sha faɗa. Matsin da ya yi ya taimaka wajen sa Ingila ta fara maganar raya ƙasashen da take mulka. Amma sashe na huɗu na wannan takarda, mai neman kowa ya sami kasuwa da albarkatun ƙasa daidai, shi Amurka ta bi da ƙarfinta duka, har cikin sharuɗɗan bashin da ta ba Ingila bayan yaƙi.

'Yan Afirka sun riƙe sashe na uku. A 1943 editoci takwas na Afirka ta Yamma suka je Landan, Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a jami'o'in Howard da Lincoln na Amurka, ya miƙa takarda bisa Yarjejeniyar Atilantika yana neman mulkin kai cikin shekara 15. Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo yana cikin tawagar, bai sa hannu ba, domin yana ganin Arewa na da nata matsalolin da takardar ba ta taɓo ba, na ilimi da na zaluncin da ake yi wa talaka cikin mulkin En'e. Waɗannan ya kai gaban Lugga da kansa a wannan tafiya.

Ran 4 ga Yuli 1946 Amurka ta sauke tutarta a Filifin. Kafin ta sauke, majalisarta ta zartar da dokar ciniki ta Bell, wadda ta ba Amurkawa dama daidai da 'yan ƙasa wajen cin albarkatun tsibiran, a 1947 kuma aka ba ta sansanonin soja na shekara 99. Musulmin Sulu da Mindanao aka haɗa su cikin sabuwar ƙasar, ko da yake shugabanninsu da dama sun rubuta tun shekarun 1920 da 1930 suna roƙon kada a yi haka.

Aikin da nake roƙon ɗalibanmu na tarihi su ɗauka yana nan kusa. Rahotannin kimanta haraji na gundumomin lardin Sakkwato suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma takardu a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. A ɗauko na yankin Sanyinna da Tambuwal da Kebbe daga 1927 zuwa 1945, a jera yawan awaki da kuɗin fata da harajin kowane baligi shekara bi shekara, a gefe guda kuma a sa farashin fatar akuya a kasuwar Amurka. Sa'an nan a shiga gidajen mahauta da majema da iyalan tsofaffin sojan Burma da na'urar ɗaukar magana, tun 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu suna raye.